Rariya da Gaisuwar Ƙanina

Na san abin da ake faɗa a gidan nan game da auren Hauwa, 'yar Baffanku Sani. Ana cewa na'ura ce ta shiga tsakanina da ƙanina, shi ya sa ba ni na ba da aurenta ba, alhali ni ne babban wa, kuma ni na yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Daga bakina kuka ɗauki wannan magana, na kuma bar ku a kanta shekara da shekaru domin ta fi mini daɗin ji. To yanzu ido ya fara gajiya, yatsun ma ba sa gudu a kan madannai kamar da, kuma ba na son in bar muku labarin da rabinsa ne kaɗai gaskiya. Zan faɗe shi yadda ya faru, wanda zai ji haushina ya ji.

Kun tashi kun gan ni da kwamfuta, amma da tafireta na fara, a sakatariya, ina buga wasiƙun da wasu ke sa wa hannu. Da na ajiye aiki sai na kama ɗan shago kusa da kasuwa a nan Lafia, ina buga takardu da katin biki. Lokaci ya yi mini yawa, sai na fara rubuta tarihin mutanenmu da suka gangaro daga Kano da Katsina suka zauna a garin nan, maɗinka da dukawa da 'yan koli, ina bin tsofaffi gida gida kafin ƙasa ta rufe musu ido. Da rubutun ya taru na buɗe masa shafi a intanet. Mutane suka ce in ajiye shi a irin manyan shafukan nan na kyauta, na ce a'a, ba zan tara wahalata a gidan wani ba, gobe ya wayi gari ya ce ya rufe ƙofa. Wata tsohuwar kwamfuta na girke a kusurwar shago, na haɗa mata sola da batir, ba a kashe ta dare da rana, shafin yana zaune a cikinta. In ta lalace ni ne mai gyara, in datti ya shiga ni ne mai shara. Innarku ta ce ita ce 'yar autata, tunda duk gidan ita kaɗai nake taɓawa in ji ko jikinta ya yi zafi.

A ƙasan kowane rubutu akwai wurin da mai karatu zai bar magana. Waɗanda suka ƙirƙiro abin don muhawara suka yi shi, amma mutanenmu zaure suka ɗauke shi. Mutum zai yi sallama, ya tambayi gajiya da iyali, ya sa albarka, sannan ya rubuta sunansa da unguwarsa da lambar wayarsa. Wani ma bai karanta rubutun ba, gaisuwa kawai ta kawo shi. Ni kuwa ba na barin saƙo ya fito fili sai na gani na amince, don haka a wurin masu karatuna fitowar saƙonka a shafi ita ce amsar sallamarka.

Rubutun da ya haɗa ni da Sani a kan mahaifinmu ne. A gidanmu ana cewa Baba ya shigo Lafia da jakuna ɗauke da kanwa, babban falke. Ni kuwa da kunnena na ji daga bakinsa, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, cewa da ƙafa ya zo, dakon gishiri ya yi daga Awe a bisa kansa, shekara uku yana kwana a zauren mutane kafin ya samu teburin kansa. Na rubuta haka ne don alfahari, domin ban ga mutumin da ya kai shi ba. Sani bai gan shi haka ba. Shi ɗan kasuwa ne, doya da riɗi yake saye a Agyaragu, kuma a cikin abokan cinikinsa sunan gida jari ne. Muka haɗu a wani suna a Doma, gidan ɗan baffanmu Alhaji Tanko, ya tare ni a gaban mutane.

"Yaya, ka sauke wannan abin. Ka tsiraita Baba a idon duniya."

Na ce, "Wanne ne ƙarya a ciki?"

"Ba komai ake rubutawa ba. Kai dai ka samu kwamfuta ka rasa aikin yi."

Wannan ta ƙarshen ita ta ƙona ni. Shekara tara na ba shi, ni na goya shi zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi, yau shi ne zai ce na rasa aikin yi ana ta miƙa goro ana kallonmu. Kun san halina, ba sai na yi muku bayani ba. Na ce kada ƙafarsa ta sake taka ƙofar gidana, kada kuma ya kira ni. Kafin motarmu ta bar Doma na toshe lambarsa a wayata. Da Inna mahaifiyarmu tana da rai da ta kira mu ta wanke mu tas ta sa mu ci tuwo a kwano ɗaya, amma ta riga ta rasu, kuma babu wanda ya rage da zai iya kiranmu mu biyu mu zo. Haka muka kusa cinye shekara, yana Agyaragu ina Lafia, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba.

A cikin wannan shekarar ce shara ta fara shigo mini shafi. Da farko ɗaya ne, biyu ne, da Turanci, suna yabon rubutuna da irin yabon da zai dace da kowane rubutu a duniya. Har na ji daɗi, na ce ashe an san ni a ƙasashen waje. Sai na lura kowanne akwai wani adireshi maƙale a wutsiyarsa. Kafin wata biyu abin ya zama ambaliya, tallan caca, tallan magani, da wasu da ba zan iya faɗa muku ba. Ba mutane ne ke aikowa ba, na'urori ne da aka saki suna yawo suna zuba wa duk shafin da suka samu a buɗe. Kullum da safe kafin in buga takardar kowa sai na yi awa guda ina karantawa ina gogewa. Wata rana na gaji na yi kuskure, na amince da tari guda ban duba ba. Da yamma Innarku ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina, na san akwai magana.

"Malam, Maman Blessing ta ce wai kana tallan maganin maza."

"Ni?"

"Ta ce a wayanta ta gani, a ƙasan hoton Inna. Ta ce in gaya maka abeg ka cire, tsohuwan nan mutumin kirki ne."

Ban iya cin abincin nan ba. Maƙwabciyarmu ta yi gaskiya, kuma kunyar da na ji ta fi fushin yawa. Washegari na zauna neman magani, na gano akwai masu aikin tace irin wannan shara. Su filta suke ce wa abin, ni kuwa rariya na sa masa, don aikinsu ɗaya da wadda Innarku ke tankaɗe da ita. Yadda take aiki shi ne, duk saƙon da ya shigo shafinka sai kwamfutarka ta fara miƙa musu, su duba su ce mai kyau ne ko shara ne, mai kyau ya iso gabanka, shara ta faɗa kwando. Na yi rajista, suka aiko mini da mabuɗi ta imel, wani dogon jerin haruffa da lambobi da ba ya karantuwa. Na liƙa shi inda aka ce, abu ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Kwana biyu ina zagin mutanen da ban taɓa gani ba, ashe laifin 'yar autata ne. Ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, tana ganin muna shekaru goma baya, su kuma can ba sa magana da kwamfutar da ba ta san ranar da take ciki ba. Na sayo batirin, ɗan fale-fale kamar kwabo, na gyara agogo, nan take alama ta koma kore. Na ji kaina ya yi girma ranar, har mai shagon kusa da ni na kira ya zo ya gani, shi da bai san me yake kallo ba.

Saura abu guda, sai an koya wa rariyar. A jikin kowane saƙo akwai maɓalli biyu, ɗaya na cewa wannan shara ne, ɗaya na cewa ba shara ba ne, kuma abin da ka nuna mata shi take riƙewa. Bayanin ya faɗi abubuwan da take ƙi: saƙo iri ɗaya da ake ta maimaitawa, saƙo mai ɗauke da lamba ko adireshi, da duk wanda mai shafi ya taɓa cewa shara ne. Na karanta wannan bayani da idona, ku riƙe wannan. Sannan aka tambaye ni kwana nawa kwando zai ajiye shara kafin ya zubar da kansa. Na sa talatin, ina cewa a raina ko ɗaya aka ce ya isa, wa ke da lokacin tonon bola.

Wata Asabar da safe, an kwana ana ruwa kasuwa ba ta cika ba, na zauna koya mata da saƙonnin da suka taru. Ina bi ina dannawa, shara, shara, shara. Ina cikin haka na zo kan wani ɗan gajeren saƙo a ƙasan rubutun Baba, wanda aka aiko da asubahin ranar.

"Salamu alaikum. Yaya ina kwana. Ya gida, ya yara. Allah ya ƙara lafiya. Ƙaninka Sani, Agyaragu."

A ƙasa ga lambarsa, wadda na toshe.

Dole in gaya muku yadda ake shiri a gidanmu, don ku kun tashi a zamanin da ake cewa yi haƙuri da baki. Mu ba a cewa. In ƙarami ya yi wa babba laifi, da safe zai zo ya durƙusa ya gaishe shi kamar babu abin da ya faru. Babban ba zai amsa ba ranar farko. Rana ta biyu wataƙila ya yi gyaran murya. Rana ta uku ya ce lafiya lau, shi ke nan magana ta mutu, ba a sake tada ita. Haka Baba ya yi da mu, haka muka ga ya yi da nasa ƙannen. Sani ya duba ya ga na hana shi ƙofar gida, na hana shi waya, sai ya nemo ƙofa ɗaya da ban hana shi ba. Kuma bai tsaya a ko'ina ba sai ƙarƙashin rubutun da muka yi faɗa a kansa. Na gane duk abin da yake nufi, babu abin da ya ɓace mini. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba, har sai da na cire tabarau na goge ido.

Sai kuma jan ajin ya taso. Na ce ai yau rana ta farko ce, ba a amsawa. In na bar saƙon ya fito fili na amsa ke nan. Da na bar shi inda yake yana jira, da babu abin da ya faru. Amma ban so in riƙa ganinsa a gabana yana karya mini zuciya kafin kwana ukun su cika. Zan iya cewa hannuna ne ya saba, tunda ya danna wannan maɓallin ya fi sau ɗari a safiyar, amma ba zan ɗora wa hannu ba. Sau biyu na karanta, na yi murmushi, na ce a fili, "Sai ka dawo gobe," sannan na danna shara. A tunanina gefe na ajiye shi, kamar yadda Baba ke kau da kai.

Washegari tun kafin in buɗe tagar shago na duba, babu komai. Rana ta uku, wadda na shirya amsawa, har na tsara abin da zan rubuta, babu komai. Shafi ya yi fes, babu caca babu magani, sai gaisuwar mutane ɗaiɗai. Ina ta yabon rariya a gaban duk wanda ya shigo shago, a ciki kuwa ina ta dahuwa. Na ce ka ji yaron nan, gaisuwa ɗaya ya yi ya gaji, wato so yake in bi shi da gudu. Fushin da ya fara hucewa ya dawo ya fi na da. Ban gaya wa kowa ba, har Innarku, domin in na faɗa sai na faɗi abin da na yi da ta farkon. Kwandon nan kuwa yana gefen allo kullum, lambar da ke jikinsa tana ta hawa, ban taɓa buɗe shi ba.

An yi kusan wata biyu a haka. Wata rana Innarku ta je dubiya asibiti ta haɗu da Asabe, matar Sani. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta same ni a tsakar gida ina alwalar la'asar.

"Malam, an sa ranar Hauwa."

Na ce, "Wace Hauwa?"

"Hauwa nawa gare ka? Saura mako uku. Alhaji Tanko ne zai ba da ita."

Na ajiye buta. Na ce ina raye, ina garin nan, za a tsallake ni a tafi Doma neman waliyyi. Na fara faɗa, ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce:

"Asabe ta ce in tambaye ka laifin da suka yi maka da ba ya yafuwa. Ta ce kwana arba'in maigidanta yana gaishe ka a wannan kwamfuta naka, kullum in ya dawo masallaci da asuba, ko uhm ba ka ce ba."

"Sau ɗaya ya gaishe ni."

Ta dube ni. "Au, ka ga ɗayan ke nan."

Na yi salla, ban san abin da na karanta a ciki ba, na koma shago na buɗe kwandon nan karo na farko. Shara ce dubbai. Na rubuta sunansa a wurin nema, sai ga su sun jeru, guda goma sha ɗaya, kowanne a matse tsakanin tallan caca da tallan magani. Sauran kwando ya riga ya zubar, tunda kwana talatin na ce masa. Kalmomin ba su canja ba ko ɗaya, ina kwana, ya gida, ya yara, da lambar a ƙasa. Duk abin da rariya ke ƙi ya haɗa, amma mutane da yawa suna gaishe ni da lamba suna wucewa lafiya. Abin da ya bambanta shi da su shi ne mai shafi ya taɓa nuna shi da yatsa. Kuma na san abin da shafin ke nuna wa mai aiko da saƙo, don ni na rubuta shi da Hausa da kaina: an karɓi saƙonka, ana jiran amincewar mai shafi. Wannan rubutun ne ƙanina ya karanta safiya arba'in, yana bugawa da yatsa ɗaya, shi da ko saƙon waya ba ya son rubutawa. Na ƙarshen ne kaɗai ya bambanta.

"Yaya, an zo neman auren Hauwa. Na so in kawo maka maganar, amma ba ka amsa gaisuwa ba, ban san yadda zan fara ba. Na ji. Allah ya bar zumunci."

Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan yammacin ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina danna ba shara ba ne, suka fito fili a jere a ƙarƙashin rubutun Baba. Na buɗe lambarsa a wayata amma ban kira ba, don wannan ba maganar waya ba ce.

Da safe na shiga motar Agyaragu. Na same shi a rumfarsa ana loda doya, ya rame kaɗan, furfura ta fito masa a gemu wadda ban san da ita ba. Da ya gan ni ya miƙe, ya kakkaɓe benci da hularsa, ya rusuna ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Na amsa, har da ƙari. Sai na shiga yi masa bayanin rariya. Na yi bayanin mabuɗi, na yi na agogo, na yi na kwando da kwana talatin, na kawo duk ilimin da nake da shi na jibge a gabansa, don dai in samu inda zan ɓuya. Yana saurare yana jujjuya wata 'yar doya a hannu. Da na gama ya ce:

"To ita na'urar, ta san ni ne?"

Na ce, "Ba ta san kowa ba. Abin da aka nuna mata take bi."

"To wa ya nuna mata ni?"

Na kalli masu lodi. Na ce ai saƙo iri ɗaya kullum, ga lamba a jiki, dole ta ɗauka talla ne. Ba ƙarya na yi ba, amma ba amsar tambayarsa ba ce, kuma ya sani. Ya gyaɗa kai ya ajiye doyar, bai sake tambayata ba har yau. Amsar ita ce nake rubutawa yanzu, kuma shi zan fara kai wa takardar nan kafin ku gani. Ni na nuna mata shi.

Da na kawo maganar waliyyi sai ya ce:

"Yaya, na riga na je Doma na durƙusa. Alhaji Tanko ya karɓa, ya gaya wa mutanensa, har riga ya ba da ɗinki. In ka ce in koma in karɓo, zan koma."

Da gaske yake, na san zai koma. Kuma na san Alhaji Tanko, da murmushi zai janye ya ce ai dama haƙƙina ne, sannan ya shiga gida ya kasa haɗa ido da matansa. Mutumin da bai yi mini komai ba, wanda ya rufa mana asiri lokacin da ni na ƙi amsa sallama. Ina son abin nan kamar me. Tun Hauwa tana rarrafe nake tsokanarta cewa duk wanda zai aure ta sai ya zo ya sha tambaya a wurina. Amma na ga in na karɓa, wani ne zai biya kuɗin girman kaina, ba ni ba. Na ce wa Sani a bar shi yadda yake. Bai ce na kyauta ba, bai kuma roƙe ni in sake tunani ba, sai ya ce mu ƙarasa gida in sha ruwa.

Hauwa ce ta kawo ruwan. Ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa, ta zama budurwa sosai a shekarar da ban gan ta ba. Ta gaishe ni, ta juya za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba Babba, za ka zo dai ko?"

Na ce zan zo. Da ta tambaye ni dalilin da ya sa ba ni zan ba da ita ba, da ya fi mini sauƙi. Yarinyar da na yi wa huɗuba ce take tambaya ko zan halarci aurenta.

Rariya dai ban cire ta ba, har yau tana nan tana aikinta, kuma tana yi da kyau. Abin da ya canja shi ne kullum da safe sai na buɗe kwando na bi shi da ido kafin in taɓa wani aiki. A makon farko na tsamo gaisuwar wata tsohuwa mai dafa gishiri a Awe da ta san Baba yana dako, da ta wani makiyayi da ke neman in rubuta tarihin rugarsu. Maɓallin nan kuwa ban sake danna shi a kan saƙon da ke da sunan mutum ba, ko da zagina ya yi.

Ranar ɗaurin aure na sa farar rigata na tafi da wuri. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Sani, mutanen Lafia da na Doma da abokan cinikinsa sun cika wurin har bakin titi. Aka yi ta yi mini hanya in wuce gaba, na ce a'a. Uban amarya ba ya zama gaba, can baya yake raɓewa, don haka na je na zauna kusa da shi a jikin bango. Aka kawo goro da alawa, wakilin ango ya matso, Alhaji Tanko yana gefen liman cikin sabuwar rigarsa. Na gaya wa kaina na haƙura, kuma na ɗauka da gaske na haƙura. Sai liman ya gyara zama ya ɗaga murya.

"Ina waliyyin amarya?"

Ban san lokacin da na dafa ƙasa na fara yunƙurawa ba. Shekara ashirin da wani abu jikina yana jiran wannan tambayar, bai ji labarin an canja ba. Sai na ji hannu a kan gwiwata. Sani ne, bai dube ni ba, idonsa na kan liman. Na koma na zauna. Can gaba Alhaji Tanko ya ce ga shi, aka nema ya bayar, aka karɓa, shaidu suka shaida. Hannun Sani bai bar gwiwata ba har aka shafa fatiha.